Ranar Rufe Fiffike

"Mama, me ya sa Kaka ba ya kallon idona in yana yi min magana? Kunnena yake kallo."

Betina ta yi tambayar ne da cokali a baki, ranar Lahadi, ana tsakiyar cin abincin rana a gidan gonar kakanta, Seu Alcides. Shekarunta biyar, kuma ba ta iya rage murya ba.

Tsohon ya fashe da dariya har ya dafa tebur. "Ina duba ko uwarki ta wanke shi ne, ja'irar yarinya. Da na shuka waken soya a cikinsa da tuni ya tsiro."

Franciele, uwar Betina, ta taya mahaifinta dariyar, ta goge wa 'yarta baki. Amma daga nan idonta bai sake barin hannunsa ba. Ta ga ya miƙa hannu zai ɗauki gishiri, yatsun suka sauka a gefen kwalbar, suka ɗan lalubo kafin su kama. Ta ga ya karkata kai kamar kaza yana duban soyayyen tuwon masarar da ke farantinsa.

Tun bayan rasuwar mahaifiyar Franciele, Dona Zilá, Alcides ya ba maƙwabci hayar gonakin, ya fitar da tarakta daga rumfar kwano, ya shiga ƙera jirgin sama mai kujera biyu. Shekara da shekaru yana abu guda: ya yanka fallen alminiyam, ya lanƙwasa, ya huda, ya ɗaure da ƙusar ribit. Kafin ta yi aure ita ce ke tafe a gabansa tana jera ƙusoshi a ramuka, shi yana biye da bindigar iska yana ja. Yanzu gangar jikin jirgin ta tsaya a kan tayoyinta, fiffiken hagu yana rataye a bango, na dama kuma falle ɗaya ya rage a rufe shi. Asabar mai zuwa aka sa. A wajen masu wannan aiki ranar rufe fiffike ranar biki ce: a gasa nama, abokai su zo, kowa ya rubuta sunansa a cikin fiffiken, ya ja ƙusa ɗaya da hannunsa, sannan a rufe. Daga ranar ba mai sake ganin cikin. Kuma duk wanda ya san Alcides ya ji alkawarinsa: da zarar an gama tashin gwaji, Betina ce za ta fara zama a kujerar kusa da shi.

Da tsohon ya shiga ɗaki don barcin rana, Franciele ta kunna wa yarinyar talabijin, ta zura takalman roba, ta ratsa jar ƙasar tsakar gida zuwa rumfar.

Abin da ta fara takawa tsinkayen ƙusa ne. Kowace ƙusa tana da siririn tsinken ƙarfe wanda bindigar ke kamawa ta ja har bayan ƙusar ya kumbura, sannan tsinken ya karye ya faɗa cikin 'yar kwalbar da ke ƙeyar bindigar. Kwalbar ba ta nan. Tsinkayen sun watsu ko'ina a siminti, a wurin da Betina ke gudu ba takalmi. Alhali mahaifinta mutum ne da a da ba ya rufe rumfar sai ya bi ƙasa da maganaɗisu.

Ta ɗauki bindigar daga kan benci. Ta zare tiyon iska tukuna, kamar yadda ya koya mata tun ba ta kai tsawon bencin ba, sannan ta kwance hancin. Ƙananan haƙoran da ke kama tsinke sun cushe da garin ƙarfe da busasshen mai, sun yi baƙi ƙirin, ramukansu duk sun shafe. Bindiga mai irin waɗannan haƙora sai dai ta riƙa zamewa. Ta duba agogon injin iska, ta ga allurar ta haye can sama. Nan ta gane abin da ya faru: da bindigar ta fara zamewa, bai ga dattin ba, sai ya yi ta ƙara mata iska da kunne. Shi da bakinsa yake cewa ƙusa ba ta son gaggawa, a ba ta iska kaɗan ta zauna a hankali.

Ta jiƙa haƙoran a kananzir, ta goge su da tsohon buroshin haƙori har ramukan suka fito. Ta shafa musu mai ɗan kaɗan ta mayar. Ta duba man cikin bindigar ta ga ya ragu, ta cika shi daga gwangwanin da ke kan kanta. Ta samo kwalbar a ƙarƙashin benci ta ɗaura. Ta buɗe famfon gindin tankin injin iskar, ruwa mai tsatsa ya tsiyayo har ya yi 'yar korama. Ta sauke allurar zuwa inda ya kamata. Ta share ƙasa. Duk wannan ta yi shi ne a hankali, tana jan lokaci, don ta san abin da ya rage, kuma ba ta son yin sa.

Daga waje fiffiken ba shi da makusa. Kawunan ƙusoshi sun jeru sumul, layi bayan layi. Amma ba waje ke riƙe fiffike ba. A ciki akwai haƙarƙari na alminiyam da ke tallafe da fallen, kowanne da ɗan leɓensa wanda faɗinsa bai wuce yatsa ba, kuma dole ƙusa ta ratsa fallen ta sauka a tsakiyar leɓen. Don haka ake ja wa kowane leɓe jan layi a tsakiya. Mai aiki zai leƙa ta ɗan ramin da ke jikin fallen, sai ya ga ja sannan ya huda. In bai ga ja ba, ya matsa haƙarƙarin har ya gani.

Ta ɗauko madubi mai doguwar mariƙa da tocila, ta zura ta wurin da ba a rufe ba.

Fallen ƙasa, wanda ya yi bara, lafiya lau. Ta juya madubin sama. Haƙarƙari na farko da sauƙi. A na biyu ƙusoshin sun fara kaucewa jan layin. Daga na uku zuwa iyakar inda hasken ya kai, wasu sun ci bakin leɓen har sun tsaga shi, wasu kuma ba su taɓa haƙarƙarin ba sam. Sun kumbura a iska, ba abin da suke riƙe da shi sai fallen kansa.

Ta zauna a kan bokitin fenti, madubin a cinya. Tana nan zaune ya shigo, ƙoƙon shayin mate a hannu ɗaya, fulas a hammata.

"Wa ya aiko ki ki yi min shara? Ko mijin naki ya kore ki ne kina neman aiki?"

"Na wanke maka haƙoran bindiga, Baba."

Ya ajiye ƙoƙon, ya lalubo tiyo ya jona, ya ɗauki wani guntun falle ya gwada ƙusa ɗaya. Bindigar ta ja a hankali, ta ce tas, sau ɗaya. Fuskarsa ta washe kamar ta yaro.

"Kin ji? Kin ji muryarta ta dawo? Wata nawa tana yi min gardama, har na fara zagin masu ƙera ta. Hannun uwarki gare ki, Fran."

"Baba, fallen saman nan..."

"Kawo hannunki." Ya kama yatsunta ya bi da su a kan layin ƙusoshin, daga wannan ƙarshe zuwa wancan. "Faɗa min gaskiya, ko a masana'anta kin taɓa jin layi irin wannan?"

"Ya yi kyau."

"Ya fi kyau."

"Ka leƙa ciki da madubi kwanan nan?"

"Na leƙa mana." Yana maganar yana kallon kafaɗarta.

"Ina so in kai ka wajen likitan ido a garin Toledo."

Ya zuba ruwan zafi a ƙoƙon. "Tabarau ne suka tsufa. Bayan Asabar sai mu je. Bar ni in rufe fiffikena tukuna, 'yata, na daɗe ina jiran ranar nan."

Ya miƙa mata ƙoƙon. Ta karɓa ta sha. Ta ce a ranta za ta dawo ranar Laraba, su biyu kawai, ta zaunar da shi ta faɗa masa dalla-dalla.

Ranar Laraba Betina ta tashi da zazzaɓi, aka wuni a asibiti. Ranar Alhamis ta kira mijinta Cleiton, wanda ke cikin layin manyan motoci a tashar jiragen ruwa ta Paranaguá yana jiran a sauke masa waken soya.

"Ki bari tsoho ya yi bikinsa," in ji shi. "Jirgin nan ko injin ba a ɗaura masa ba. Kafin ya tashi an yi shekara biyu, in ma ya tashi. Daga baya sai a san dabara."

"In aka rufe wa zai gani?"

"Ke kin gani ai."

"In na mutu fa? In ya sayar wa wani, wani ya ɗauki ɗansa a ciki?"

"Fran, ke komai sai kin kai shi maƙabarta. Betina dai ba za ta hau ba, ni na ce."

Ta ajiye wayar ba ta gamsu ba. Ta san mahaifinta. In fiffiken ya rufu da sunayen mutane a ciki, ba zai yarda a sake huda shi ba ko sama da ƙasa za su haɗu, kuma duk wanda ya zo dubawa abin da zai gani shi ne kyakkyawan layin nan na waje.

Ranar Juma'a ta je da niyyar magana. Ta tarar da shi a bakin ƙofa yana jiranta, ya sa rigar zuwa coci, yana so ta kai shi wajen mahauci. A mota bai yi shiru ba. Ya zaɓi haƙarƙarin saniya da kansa, yana danna naman da yatsa, yana gaya wa mahaucin cewa jikarsa ce za ta ja ƙusar ƙarshe. Ya sayi sabon alƙalamin rubutu a kan ƙarfe. A hanyar dawowa ya ce, "Da uwarki na nan da ta yi kek ɗin ayaba." Franciele ta ce a ranta sai gobe da sassafe, kafin mutane su zo.

Da sassafen kuwa ta tarar da motoci sun riga ta. Dirceu ne ya fara zuwa don hura wuta. Shi ne ubanta na baftisma, wanda take kira Padrinho, tsohon matuƙin jirgin feshin gona, mai tumbi da wuyan da rana ta gasa. Sauran su biyar ne ko shida, duk masu ƙera jirage a rumfunan bayan gida, kowa da nasa da bai gama ba. Ƙoƙon mate yana zagawa, hayaƙin nama ya cika wurin.

"Compadre," in ji Dirceu, da sunan da ya saba kiran amininsa Alcides, yana buga gefen jirgin da tafin hannu, "wannan akwatin kajin naka, in ya tashi ni zan aske gashin bakina."

Alcides ya ce, "Kai dai ba za ka shiga ba. Sai an ɗauko ma'aunin shanu an auna ka tukuna."

"Ni da na yi shekara talatin ina shawagi a ƙasan wayar lantarki?"

"Shi ya sa duk wayoyin yankin nan suka lotsa."

Aka yi ta dariya. Franciele tana tsaye a gefe da kwanon rogo a hannu, ta kasa samun minti ɗaya da shi. Duk inda ya juya akwai wanda ke riƙe da kafaɗarsa. Rabon da ta ga bayansa ya miƙe haka tun kafin rasuwar mahaifiyarta.

Kafin a ci nama ya tafa hannu, kowa ya matso. An jingina fallen ƙarshe a gefe, an jera ƙusoshi a murfin robar man shanu, injin iska ya cika tankinsa ya yi shiru. Alcides ya cire murfin alƙalamin da haƙori.

"'Yata ce farko, don ita ta fara jera min ƙusa. Sai jikata. Ku tsofaffin banza ku bi layi."

Ya miƙo alƙalamin, ya ɗan kauce mata da shi zuwa hagu. Betina tana tsalle tana cewa ita kyanwa za ta zana.

Franciele ta ajiye kwanon. Ta jawo 'yarta jikinta ta riƙe ta da hannu ɗaya.

"Ba zan rubuta ba, Baba. Ita ma ba za ta rubuta ba."

Wani ya yi 'yar dariya, yana tsammanin wasa ne. Ba wanda ya taya shi.

Ta ɗauko madubin da tocilar daga kan benci ta miƙa wa Dirceu. "Padrinho, don Allah ka duba fallen sama. Daga haƙarƙari na biyu."

Dirceu ya dube ta, ya dubi abokinsa, kamar zai ƙi karɓa. Sannan ya durƙusa da ƙyar, gwiwoyinsa suna ƙara, ya zura madubin. Ya daɗe. Ya matsa ya sake dubawa. Ba a jin komai sai kitse yana ɗiga a wuta daga waje. Da ya miƙe bai kalli kowa ba, ya tsaya yana goge madubin da gefen rigarsa.

"To?" in ji Alcides.

"Haƙarƙari abin sakewa ne, compadre. Ni ma na taɓa sake nawa."

"Ban tambaye ka naka ba. Guda nawa?"

"Da yawa."

"Sa hannuna a kai."

Dirceu ya kama wuyan hannunsa ya shigar da shi cikin fiffiken har kafaɗa. Tsohon ya kwantar da kuncinsa a kan alminiyam ɗin, idonsa a buɗe, yana lalube. Franciele ta ga lokacin da yatsunsa suka sami ƙusar da ba ta riƙe komai, don jijiyar wuyansa ta motsa. Ya matsa gaba ya taɓa ta kusa da ita, da ta gaba. Bai fito da hannun da wuri ba.

"Ban ga jan layin ba," ya ce a hankali, kamar da fiffiken yake magana. "Na ɗauka alƙalamin ne ya dushe. Sai na riƙa aunawa da yatsa."

Mazan suka sunkuyar da kai. Daga yadda suka yi ta gane ba ita kaɗai ta lura ba. Wannan ya ga ya daina tuƙi zuwa gari, wancan ya ga ya gaishe shi da sunan wani. Kowa ya gani ya kama bakinsa.

Alcides ya zaro hannunsa, ya juyo wajen da take.

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun Lahadi."

"Tun Lahadi." Ya gyaɗa kai. "Kika bari na sayi nama."

"Na yi ƙoƙarin gaya maka, Baba."

"Ba ki gaya min ba. Tambayata kika yi ko na leƙa."

Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi mata sauƙi. Ya mayar wa alƙalamin murfinsa ya sa a aljihu. Ya je benci ya zare tiyo daga bindigar, ya ɗiga mata mai a mashigar iska kamar yadda yake yi a ƙarshen kowace ranar aiki, ya goge ta da tsumma, ya rataye ta a mazauninta. Ya sunkuya ya buɗe famfon tanki gaba ɗaya. Iskar ta yi ta fita da dogon tsaki, suna tsaye suna saurare har ta ƙare.

"Ku ci nama, kar ya ƙone," ya ce.

Wanda ke riƙe da fulas, don ya rasa abin yi, ya cika ƙoƙon ya miƙa masa. Alcides ya sha har ƙarshe, ya mayar ya ce, "Na gode." A da'irar mate ba a faɗin haka sai in mutum ya gama, kar a sake miƙo masa. Ya shafa kan Betina, ya fita, ya bi gefen shinge yana taɓa shi da hannu har ya shiga gida.

"Mama, ba za a yi kyanwar ba?"

"Ba yau ba," in ji Franciele.

Dirceu ya matso ya tsaya kusa da ita. "Kin yi daidai, 'yata. Da ya tashi da wannan, fallen zai kware ne a sama." Ya ja numfashi. "Mu ya kamata mu yi magana tun tuni. Mun bar miki."

Franciele ta san daidai ta yi, kuma sanin bai rage mata komai ba.

Daga baya Alcides ya je wajen likitan, amma da Dirceu ya je. Aka ce tsakiyar ganin ne ke mutuwa a idanun biyu, allura za ta iya rage saurin abin, abin da ya tafi kuwa ya tafi. Maganar tuƙa jirgi ba ta ma taso ba. Abokan sun yi tayin zuwa duk Asabar su cire ƙusoshin su sake haƙarƙarin, ya ce su bar shi. Ya sa aka lulluɓe fiffiken da tamfol.

Har yanzu Franciele tana zuwa duk Lahadi. Yana yi wa Betina wasa kamar da, yana ɓoye mata alewa a aljihun riga. Ita kuma yana gaishe ta da ladabi, ya tambayi lafiyar Cleiton, ya yaba girkinta, kamar yadda ake yi wa matar maƙwabci. Ya daina ce mata Fran. In ta kawo maganar ranar, sai ya ce ai ya wuce, ya nemi a ƙara masa ruwa. Da za a mayar da ita wurin, ba za ta karɓi alƙalamin ba, ko sau ɗari ne. Abin da ke cin ta shi ne ranakun da suka gabaci Asabar ɗin, lokacin da ba kowa sai su biyu, a rumfa, a mota, a bakin ƙofa, da maganar tana bakinta.

Ke mai karatu, kai mai karatu, in kun ga abin da zai iya kashe mutum a aikin tsohonku, kada ku yi masa tambaya a kaikaice kuna fatan ya gane da kansa. Ku rufe ƙofa ku faɗa masa ƙarara a ranar da kuka gani, ko zai kore ku daga gidan. Tausayin da ke sa ku jira gobe ba shi kuke ji wa ba, kanku kuke ji wa. In kuka jira, maganar za ta fito duk da haka, a gaban abokansa, kuma wannan ne ba zai yafe ba.